Ƙafafun da Sallau Ya Gani a Ƙarƙashin Mota

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan ce muku ga ta nan ba.

Sallau mai walda ne a wani gari da ke gindin dutse. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. Kawunsa Nadabo, ƙanen mahaifiyarsa, direba ne. Yana da wata tsohuwar jif, ita kaɗai ke iya hawa ƙauyukan kan dutse, ta kai gishiri da magani, ta sauko da marasa lafiya.

Hanyar nan cin mota take yi. Duwatsu sun daddaki cikin jif ɗin har shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da gangar mota, ya fara tsagewa. Sai Kawu Nadabo ya samo ƙarfe mai kauri kamar tafin hannu, ya kai wa ɗan 'yar'uwarsa.

"Ka ɗaure mata ƙugu da wannan," in ji shi. "Hagu da dama. Rayuka nake ɗauka."

"An gama, Kawu."

A lokacin Sallau na haɗa ƙofar sabon gidansa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙofar. Ƙarfen ya tafi ƙofa. Shasi kuwa ya liƙa masa fallen tsohuwar durom, ya bi da baƙin fenti, ya shafe da baƙin mai. In ba ka ƙwanƙwasa ba, ba za ka gane ba.

Bayan kwana tara aka yi rasuwa a danginsu can kan dutse. Kawu ya ce su tafi gaisuwa tare. Ba yadda Sallau zai ce a'a. Suka ɗauki wata tsohuwa, Iya Tabawa, da jikarta mai tsohon ciki.

Duk ramin da suka faɗa, sai Sallau ya kasa kunne ga ƙarƙashin motar.

Rana na tsaka suka shiga Kwazarin Maƙera. An ce mutanen da can a nan suke narka tama, har yanzu ƙasar wurin baƙa ce. Suna tsakiyar gangara sai suka ji ƙas. Motar ta durƙusa gefe guda.

Kawu bai leƙa ba. Ya kama tsohuwar da jikarta, ya ce zai kai su inuwa bayan dutse.

"Ga mai aikin nan tare da mu," ya ce musu. "Ku kwantar da hankali."

Sallau ya rarrafa ƙarƙashin motar shi kaɗai. Fallen ya yage kamar takarda, shasi ya rabe biyu. Babu injin walda, babu wuta. Ya kwanta rigingine yana kallon aikin hannunsa, ya rasa da wane baki zai fita.

Sai ya lura tsuntsaye sun yi shiru.

Wani wari ya zo masa, warin gawayi da ƙarfe mai zafi.

Ya juya kai. Daga inda yake kwance ƙafafu kawai ake iya gani. Ga wasu nan suna tahowa, babu takalmi, sun yi furu-furu da toka. Tahowa suke, amma diddige ne a gaba. Yatsun suna kallon inda suka fito. Yashi kuma bai nuna sawu ba.

Suka tsaya dab da kunnensa.

"Sannu da aiki, maƙeri."

Muryar ba daga sama ta zo ba. Daga cikin shasin ta fito, kamar mai magana a cikin tulu.

Sallau ya nemi addu'a, ta ɓace masa.

"Wa ya yi wannan ɗinki?"

"Ni ne."

"Da me?"

Sallau ya dubi fallen.

"Da me, na ce."

"Da durom."

"Ba a ba ka ƙarfe ba?"

"An ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Kawuna."

Daga baya Sallau ya ce da a ce dukansa aka yi, da ya fi masa sauƙi.

"Mu a nan," in ji muryar, "wanda ya ha'inci ƙarfe ba ya sake zama a bakin wuta. Mutum nawa ke cikin motar?"

"Huɗu."

"Biyar. Ba ka iya ƙirga ba."

Wani hannu ya zuro ƙarƙashin motar. Siriri, dogo, ya wuce tsawon hannun mutum. Ya ɓare fallen kamar ɓawon ayaba. Ya kama baki biyu na shasin ya haɗa, ya bi tsagar da babban yatsa, a hankali. Inda yatsan ya wuce sai ƙarfen ya yi ja, ya narke, ya haɗe. Zafi ya gasa fuskar Sallau. Bai motsa ba. Motar ta miƙe a kansa tana ƙara.

"Ba don kai ba," in ji muryar. "Don na biyar ɗin."

Aka ajiye masa yagaggen fallen a ƙirji.

"Riƙe kayanka."

Ƙafafun suka tafi. Bai iya cewa ko gaba suka yi ko baya ba.

Da ya fito, ya ga shatin yatsu huɗu a jikin fallen, sun nutse kamar a cikin tuwo. Gashin girarsa ya ƙone.

Kawu ya dawo da matan. Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Iya Tabawa ta kama hannun Sallau.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Uwarka ta haifi ɗa."

Nan ne Sallau ya kasa daurewa. Ya tsuguna a gaban kawunsa, ya miƙa masa fallen, ya faɗi komai, tun daga ƙofa har ƙafafu. Bai ɗaga kai ba.

Kawu Nadabo ya juya fallen a hannu, ya mayar masa.

"Tashi, rana na yi," ya ce. "Yayata ba za ta ji wannan daga bakina ba."

Suka koma mota. Tsohuwar ta janye buhunta daga kusa da ƙafarsa.

Yarinyar ta haihu lafiya bayan sati biyu. Aka aiko wa Sallau goron suna, ya kasa ci, ya kasa zuwa.

To, kun ji. In tafiya ta kai ku Kwazarin Maƙera da tsakar rana, ko mota ta mutu, kada ɗayanku ya yarda a bar shi shi kaɗai. In kuma an yi muku sannu da aiki, ku dubi ƙasa kafin ku amsa.

Ku tashi ku kwanta. A bar fitilar a kunne.