Sifilin da Ya Ɓace

Kwamfuta ɗaya aka haɗa su a kai a makarantar koyon rubuta manhaja, don kujeru sun fi na'urori yawa. Dogo ya ga yadda Auta ke tura gilashinta sama da ɗan yatsa, daga nan karatu ya fara yi masa wuya.

Malam ya ce kwamfuta ba ta karɓar abu sai an faɗa mata irinsa: ko intija, wato lambar lissafi, ko sitirin, wato rubutu, ko buliyan, wanda bai san komai ba sai eh ko a'a. Ya ce kowa ya adana lambar wayar maƙwabcinsa. Abin nema ya samu. Auta ta karanto lambarta, Dogo ya zuba ta a intija, ya kwafe abin da allon kwamfutar ya nuna a wayarsa. Mai so ba ya ƙirga.

Da aka yi hutu ya tura saƙo: "Mai gilashi, kujerar gefena ta yi sanyi." Shiru. Ya sake: "Ko na yi laifi ne?" Shiru. Da aka dawo, wani mai mota ne ke sauke Auta a ƙofa, kuma ko kallon Dogo ba ta yi.

Ya tare ta, ya miƙa mata wayarsa. Ta karanta, ta dubi lambar.

"Ina sifilin farko?"

"Wane sifili?"

"Intija ba ta ajiye sifili a gaba, malam gwani. Lambar waya ana tarawa ne ko ana ɗebewa? Rubutu ce! Ni kuwa ina can ina cewa ka raina ni."

Daga ranar take kiransa Sifilina. Mai mota ya nemi wata hanyar.

Da Dogo ya aika neman aurenta, mahaifinta ya ji labarin, ya ce wanda ya kasa riƙe sifili ba zai riƙe masa 'ya ba. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, kai da ka zo nemana, me ka riƙe ban da sifilin?"

Tsohon ya yi tari, ya kira Auta. "Ban son dogon zance. Eh ko a'a?"

"Eh, Baba."

Aka ɗaura. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma sa kada ɗayansu ya daɗe yana tura saƙo inda ba a amsawa.