Kiɗan Auta a Fiyanon Mutane

Ranar wata Talata da ƙarfe goma sha ɗaya ta hau bene na biyu a layin masu gyaran kayan lantarki, rungume da wani abu mai tsawon kamu biyu a cikin jaka. Kujera ɗaya ce a shagon, ita ma an ɗora mata lasifika.

"Sannu da aiki. Kai ne mai gyaran fiyano?"

Sai da ya gama ɗiga dalma a kan wata waya sannan ya ɗago. Siriri ne, gilashinsa a goshi. Duk layin Dogo suke ce masa.

Ita ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce a asibiti, a gida kuma Auta. Ta fito da ɗan ƙaramin fiyano mai maɓalli talatin da bakwai, wanda take sa masu shanyewar ɓarin jiki su danna don motsa yatsu. Maɓalli uku sun daina magana.

Ya kwance bayan, ya sunsuna. "Wa ya ba shi shayi?"

"Wani dattijo. Hannunsa ne ke rawa."

"To an yafe masa."

Cikin minti ashirin ya gama. Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ta wace murya take kunna wa marasa lafiya. Ta ce wadda ta tarar a ciki. Ya girgiza kai, ya murɗa wani ɗan maɓalli zuwa lamba huɗu, ya ɗora yatsu uku.

Sautin ya fito a hankali, mai taushi, da ɗan kaɗawa a ƙarshensa.

"Muryar tsohon fiyanon lantarki ke nan," in ji shi. "Na da, sai ƙarti biyu sun kama kafin ya tashi. Sandunan ƙarfe ne a ciki, 'yan guduma na bugunsu. Yanzu an kwafo muryar an zuba a wannan, batir huɗu ya ishe shi. Idan kika taɓa a hankali, kamar ƙararrawa daga nesa. Idan kika danna da ƙarfi sai ya yi gurnani."

"Ke nan mara lafiya zai ji ƙarfin yatsansa da kunnensa?"

"Zai ji, Likita."

"Ni ba likita ba ce."

"Ni ma ba injiniya ba ne, amma idan aka kira ina amsawa."

Ta karɓi lambarsa. Ta faɗa wa kanta saboda aiki ne.

A wata na huɗu da haɗuwarsu ya turo mata wani kiɗa na daƙiƙa arba'in, da wannan muryar ta lamba huɗu. Saƙo ya biyo baya:

"Autata, wannan naki ne. Ba shi da suna, ba shi da baiti, babu wanda ya taɓa jin sa. Idan bai yi ba ki goge, ni ma zan yi kamar ban aiko ba."

Ta amsa bayan awa ɗaya:

"Na saurara sau shida. Ina duba ko zai yi wa marasa lafiya amfani ne. Ba zai yi ba. Zan riƙe."

A wata na tara ta kai maganar aurensu gida.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran injinan tura ruwa kafin ya yi ritaya, kuma ba ya yanke magana sai ya bincika. Bayan kwana goma ya kira ta falo, ya rage muryar rediyo.

"Na tambaya. An ce gyara yake yi, kuma hannunsa na da kyau. An kuma ce yana kiɗa a wuraren biki."

"Sau biyu a wata ne, Baba."

"Sau ashirin da huɗu a shekara ke nan yana zaune gaban 'yan mata yana faranta musu rai. Abin da ya kaɗa miki, Auta, ya kaɗa wa wata. Ba zagi ba ne, sana'ar ce haka."

"Akwai wanda ya yi mini ni kaɗai. Babu wanda ya taɓa jin sa."

"Shi ya faɗa miki?"

"Shi ya faɗa."

Sannan Baba ya ce abokinsa ya yi masa magana sau biyu a kan ɗansa mai kemis, kuma ya gaji da kauce wa mutumin a hanya.

"Ba zan yi miki dole ba. Asabar mai zuwa ki zo nan ki faɗa mini wanda zan ce ya turo. Amma ki zo mini da dalili, ban da daɗin baki."

Ranar Litinin ta je duba wata tsohuwa a gida, kamar yadda take yi kowane mako. Tana riƙe da hannun tsohuwar tana ƙirga lanƙwasar yatsu, sai ta ji kiɗan daga ɗaki na gaba. Daƙiƙa arba'in, har da ɗan tsayawar da yake yi a tsakiya.

Jikar tsohuwar ta leƙo, ɗaliba ce kyakkyawa, da ɗan fiyano ja a hammata.

"Anti, ya dame ku? In rage?"

"A ina kika samu wannan kiɗan?"

"Mai gyaran ne ya saka mini, wani dogo. Da na karɓo na danna, sai na ji shi. Ni kam kullum sai na saurara kafin in buɗe littafi."

Auta ta koma kan hannun tsohuwar. Ta ƙirga takwas sau biyu, sai da tsohuwar ta gyara mata.

Ba ta ɗaga wayarsa ba ranar, haka washegari. Saƙonni suka riƙa shigowa.

Talata: "Likita, ko wayar ce ta faɗa ruwa? Kawo ta in duba."

Laraba da safe: "Na karanta hirarmu ta wata guda ina neman laifina. Na samu uku, duk ƙanana. Don Allah ki faɗa mini babban."

Laraba da yamma: "Saura kwana uku Asabar. Ban iya riƙe sukundireba yau ba."

A yammacin nan mai kemis ya kawo wa Baba maganin hawan jini. Ya durƙusa ya gaishe da Mama, ya tambayi Auta aiki. Ta tsaya daga bakin kicin tana neman aibinsa, ba ta samu ba. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Mama ta dube ta ta ce, "Kin zuba gishiri a shayin babanki ko kin kusa?"

Ranar Alhamis da azahar ta hau benen. Dogo ya miƙe da sauri har gilashinsa ya faɗo kan hanci. Ya sauke lasifikar daga kujera.

"Autata..."

"Gama aikinka tukuna."

Wani baƙin fiyano ne a gabansa, mai shi zai zo ƙarfe biyu. Ya ɗaure sukurori shida, ɗaya ya suɓuce masa sau biyu. Ya bi maɓallan daga hagu zuwa dama. Sannan ya danna jan maɓallin naɗa, idonsa a kan fuskarta yana neman abin da ya faru, hannunsa na dama kuma ya kaɗa kiɗan daga farko har ƙarshe. Ya danna na saurare, ya ji daƙiƙa biyu, ya kashe, ya jawo jakar fiyanon.

"Na waye wannan?" ta tambaya.

"Na wani malamin makaranta."

"Me ka saka masa yanzu?"

"Ban saka masa komai ba. Gwaji ne. Duk wanda na gyara sai na gwada ko yana naɗa sauti kafin in..."

Ya tsaya. Ya dubi hannunsa.

Ta tashi ta je kanta, inda fiyano huɗu ke jere da takarda a manne suna jiran masu su. Ta kunna na farko. Ta kunna na biyu. Na huɗun muryarsa ta shaƙe saboda batir ya yi sanyi, amma kiɗan ne.

"Tun yaushe?"

"A da, duk abin da ya zo hannu nake kaɗawa." Ya zauna a kan akwatin kayan aiki. "Wallahi ban san na koma wannan ba. Ina jin tun da na yi shi hannun bai sake zuwa wani wuri ba."

Ya buɗe durowa ya fito da ragowar takardun da yake manna wa kayan mutane, masu ɗauke da lambar waya. Ya ware na wata biyar. Goma sha tara ne, har da biyar da ke shagon.

"A ciki akwai wata ɗaliba mai jan fiyano," in ji Auta.

"Ban ma tuna fuskarta ba. Na tuna dai soket ɗin cajinta ne ya karye."

Ta yarda da shi, kuma ta ji nauyin kwana uku ya ɗan sauka. Amma ba ta yi murmushi ba.

"Na zauna gaban Baba na ce masa nawa ne ni kaɗai. Shi ne dalilin da na ba shi. Jibi zan koma, kuma ba zan ɓoye masa ba."

"Idan kin faɗa masa, zai ce ga abin da ya ce."

"Zai ce."

Dogo ya goge na shagon a gabanta, ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba takardun a aljihu, ya ɗauki makullin babur, ya ja ƙofar shagon.

Saƙon farko ya shigo da la'asar: "Na goge takwas, har da na shago. Na ce musu kuskurena ne, na bar kayan gwaji a cikin kayansu."

Juma'a da hantsi: "Goma sha biyu. Wani ya ce tunda na zo in duba masa fanka. Na duba."

Da azahar: "Goma sha biyar. Ɗalibar ta ce ba ta yarda ba. Kakarta ta ce ta miƙo mini kayan ko ta tashi da sandarta. Ta miƙo."

Da yamma: "Goma sha takwas. Na ƙarshen ya yi tafiya da nasa, sai ƙarshen wata. Na yi iya yina, Autata. Duk abin da kika ce gobe, ba zan ga laifinki ba."

Ta karanta shi a tsaye a tashar mota. Motoci biyu na layinsu suka wuce ba ta tsayar ba.

Asabar da ƙarfe goma ta zauna a ƙasan kujerar Baba ta faɗa masa komai, daga gidan tsohuwar har kantar shago. Ba ta rage ba, ba ta yi wa maganar ado ba. Mama ta tsaya a ƙofa da tsumma a hannu.

"Ke nan maganata ta fito," in ji Baba.

"Ta fito, Baba. Amma shi nake so ka ce ya turo."

"Wa ya sa shi bin mutane gida-gida?"

"Babu."

"Kira mini shi."

Cikin minti huɗu Dogo ya yi sallama. Mama ta ce da alama a bakin layi ya karya kumallo. Ya durƙusa nesa da kujerar, ya gaishe da Baba.

"Nawa ka ɓata?"

"Goma sha tara, Baba."

"Nawa ka gyara?"

"Goma sha takwas."

"Da ka ce mini goma sha tara, wa zai ƙaryata ka?"



Baba ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. "Na yi aiki da wanda ya manta sifana a cikin injin, injin ya ƙone, ya rantse ba shi ba ne, alhali sunansa na jikin sifanar. Shekara talatin da ɗaya ban ga wanda ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ni ne ba." Ya mayar da tabaran. "Amma ni ba na karɓar aikin da ba a gama ba. Ranar da ka goge na goma sha taran, ka turo manyanka."

"Idan mutumin bai dawo ba fa, Malam?" Mama ta tambaya.

"Sai su yi ta jira."

Da yamma Baba ya sa babbar riga ya tafi gidan abokinsa da kansa, ya ba shi haƙuri a kan maganar mai kemis.

Ƙarshen wata ya zo, mutumin bai dawo ba. Wayarsa ta daina shiga har kwana biyar. Auta ta rame, har wata mara lafiya ta tambaye ta ko ita ma a gasa mata hannu. Dogo ya riƙa zuwa ƙofar gidan mutumin kowace safiya kafin ya buɗe shago, har mai gadin ya fara ajiye masa benci.

A kwana na talatin da ɗaya bayan waccan Asabar, tana tsakiyar ɗaga hannun wani dattijo, wayarta ta yi motsi a aljihu. Ta gama ƙirga goma cif, ta kwantar da hannun a kan matashi, sannan ta duba.

"Goma sha tara."

Ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata minti biyar. Ta shiga ɗakin ajiye tawul ta rufe ƙofa.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, ranar Asabar da safe, a ƙofar gidan Baba. Mai kemis ya zo, ya ba ango hannu. Masu gyaran layin su Dogo suka rufe shaguna suka zo gaba ɗaya, abin da aka ce bai taɓa faruwa ba.

Da za a tafi da amarya, Baba ya tsayar da su a bakin mota. Ya dafa kan Auta, ya dubi Dogo.

"Ga ta nan. Ita ce ƙaramar, kuma ita ce ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ka riƙe ta da gaskiya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Mutane suka amsa da amin. Dogo ya buɗe mata ƙofa, ta shiga ba ta ɗago ba. Baba ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya ce rana ta yi masa yawa a ido, ya shige gida.