Waɗanda Suka Riƙe wa Baba Taru

Ruwan da aka kwana biyu ana yi a can saman kogi ya cika dam har wuya. Da la'asar Injiniya ya leƙo daga ofis, ya kira mutumin da kowa ke ce wa Jiniya.

Sunan ya kama shi ne tun lokacin da tsawa ta ƙona jiniyar dam, wadda ake kunnawa kafin a saki ruwa. An yi ta alkawarin gyara, shiru. Sai aka ba shi babur da lasifikar hannu, ya zama shi ke bin gaɓar kogi yana korar mutane daga ciki duk ranar da za a buɗe ƙofofi.

"Da faɗuwar rana zan buɗe," in ji Injiniya. "Ba zan iya kai shi gobe ba, bangon ba zai ɗauka ba. Ko akuya kar ka bari a ƙasa."

"Akuya ai tana jin magana, ranka ya daɗe. Masu ɗibar yashi ne masu taurin kai."

Injiniya bai yi dariya ba. Idonsa na kan ma'aunin ruwa.

Jiniya na tayar da babur wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, yau za ku saki ruwa?"

"Yau ne. Lafiya?"

"Baba bai dawo ba. Ga wayarsa nan ya bari a kan tabarma."

Baba mahaifinta ne, tsohon masunci. Tun rasuwar matarsa yake zaune tare da su a ɗakin ƙofar gida. Kifi ya yi ƙaranci a ƙasan dam shekara da shekaru, masunta kan wuni cikin ruwa su dawo da abin da bai rufe gindin roba ba. Amma kwanan nan Baba kullum da cikakken kwando yake shigowa, manyan tarwaɗa da ragon ruwa irin waɗanda aka manta da kamanninsu. In an tambaye shi inda yake samu sai ya yi murmushi. Ya daina cin komai sai kifin nan. Har ya yi kumatu, wuyansa ya cika, 'yarsa tana ta murna.

"Kwantar da hankalinki," in ji Jiniya. "Zan taho da shi."

Ya kama hanyar gaɓa. Ya kori mata masu wanki, suna naɗe kaya suna yi masa tsiya wai muryarsa ta fi ta tsohuwar jiniyar muni. Ya yi rigima da direban tifa har ya fitar da motarsa da rabin lodi. Ya sa wani makiyayi ya haura da shanunsa. Kowa ya tambaya, babu wanda ya ga Baba. Sai wani mai ɗinkin raga ne ya nuna can ƙasan kogi da haɓa.

"Nakan ga yana bin bayan duwatsu. Akwai wani gurbi a can. Mu dai ba ma zuwa."

"Don me?"

"Haka muka taso muka gani."

Rana ta yi ja sa'ad da ya isa duwatsun. Babur ba ya wuce nan. Ya jingine shi, ya rataya lasifika, ya shiga da ƙafa ta tsakanin ciyayi.

Da farko akwai kukan kwaɗi ta ko'ina, da sauro a kunne, da tsuntsaye masu komawa sheƙa. Yana zagaya babban dutsen duk suka ɗauke. Sai ƙarar takalminsa a laka.

Wari ya tare shi. Ba ƙarnin kifi ba ne, wanda ya saba da shi a gida. Warin ƙasan rijiya ne da aka daɗe ba a yashe ba, mai sanyi, mai nauyi a ƙirji.

Sai ga gurbin, ruwansa baƙi ƙirin. Ga Baba a tsakiya, ruwa har ƙirji. Ba shi kaɗai ba ne. Mutane ne jere a cikin ruwan, sun yi rabin da'ira, kowa riƙe da igiyar taru, duk sun ba gaɓa baya.

Jiniya ya ji sanyi a ransa. Ashe abokan aiki tsohon ya samu.

Ya ɗaga lasifika ya danna. "Jama'a, a fito, za a saki ruwa."

Abin da ya fito daga bakin lasifikar ba muryarsa ba ce. Ƙarar ruwa ce, ɓul-ɓul, kamar an danna tulu cikin kogi. Ya girgiza ta, ya sake gwadawa. Haka dai.

Ya ajiye ta a kan dutse, ya sauka bakin ruwa. Ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba. Tun da ya auri 'yar tsohon nan bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai ma taɓa haɗa ido da shi sosai ba.

"Baba, sannunku da aiki."

Baba bai waiwayo ba.

"Baba, ku yi haƙuri ku fito. An kusa buɗe ƙofofi."

Baba ya juyo a hankali. Fuskarsa a sake, kamar mai jin daɗin hira.

"Ɗana, kai ne? Yi magana a hankali. Ba sa son hayaniya."

"Su wa, Baba?"

"Mutanen kirki ne. Su ke kora mini kifi."

Jiniya ya sake duban mutanen. Yanzu ya fi kusa.

Babu wanda ke motsi a cikinsu. Mutum in ya tsaya cikin ruwa, ko numfashi ya yi sai ruwan ya ɗan kaɗa. Kewaye da Baba ruwan na kaɗawa. Kewaye da su kuwa lumui, kamar an dasa turaku.

Na kusa da shi yana sanye da wata riga da ba a gane launinta. Gansakuka ta fito a kafaɗarta. A bayan wuyansa dodon koɗi ne manne, uku ko huɗu, suna tafiyarsu a hankali zuwa cikin gashi.

Jiniya ya laluba aljihu ya ciro waya. Ya nemi Injiniya. Babu sabis ko ɗigo.

Ya ɗaga kai. Gefen rana kaɗai ya rage a kan bishiyoyi.

A nan ne ya lura da tarun. Ya zauna da masunci a gida ɗaya, ya san yadda ake ja: a buɗe baki wajen zurfi, a tattaro zuwa gaɓa. Wannan ba haka yake ba. Bakin tarun gaɓa yake kallo. Mutanen biyu na ƙarshe suna matsowa juna kaɗan kaɗan, ba tare da an ga sun ɗaga ƙafa ba.

Kuma babu kifi a ciki.

Baba ne a ciki.

Jiniya ya cire takalmi ya shiga ruwan. Sanyin ya soke shi har ƙashi. Laka ta kama ƙafarsa, yana cirewa tana tsotsa. Ya bi ta 'yar ƙofar da ta rage tsakanin mutanen biyu, ya ƙanƙame jikinsa don kada ya taɓa kowa.

"Baba, mu tafi."

"Saura kaɗan. Yau suka ce za su nuna mini inda manyan kifayen suke."

"Baba, don girman Allah."

Wata murya ta yi magana daf da kunnensa. Babu iska a cikinta, babu ɗumi.

"Bar shi."

Bai juya ba.

"Namu ne. Mun daɗe muna ciyar da shi."

Can nesa, ta wajen dam, wani abu ya fara ruri. Ƙasa-ƙasa, kamar manyan motoci a kan gada.

An buɗe.

Jiniya ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya cafki surukinsa a ƙugu, ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhu. Tsohon ya yi nauyi fiye da kima. Ya shiga dukan bayansa da hannu biyu.

"Sauke ni. Kai, mara kunya, sauke ni."

Jiniya ya juya wajen gaɓa. Ƙofar ta rufe.

Raga ce a gabansa, daga cikin ruwa har bisa kansa.

Ya lalubi ƙugun Baba. Wuƙar gyaran kifi na nan a kube. Ya zare, ya yanka.

Zaren ba zare ba ne. Yana da santsi, yana da tsawo, yana naɗe yatsa. Gashi ne.

Ya ci gaba da yanka.

Rurin ya ƙaru. Ruwan gurbin ya fara rawa. Iska mai sanyi ta iso, ɗauke da warin jar ƙasa da karyayyun itatuwa.

Ya tura kai ta ɓarakar, ya ja kafaɗa, ya ja tsohon.

Wani abu ya riƙe masa idon sawu.

Yatsu ne. Dogaye. Akwai fata tsakaninsu.

Ya ambaci sunan Allah da duk abin da ya rage masa na numfashi, ya kai sara cikin ruwan. Bai san me ya sara ba. Riƙon ya saki.

Laka. Dutse. Ciyawa.

Saiwar wata bishiya ta leƙo daga gaɓa. Ya kama da hannu ɗaya, ya ja su duka biyu. Fatar tafinsa ta sale.

Ruwan ya iso.

Ya zo ja, da kumfa, da rassan itace, ya daki dutsen har ƙasa ta girgiza. Ya share lasifikar da takalman. Ya taɓa dugadugan Jiniya, ya wuce.

Daga saman gaɓa ya waiwaya.

Suna nan tsaye. Ruwan da ke tumɓuke bishiya yana bi ta jikinsu, ko gezau. Duk sun juyo yanzu. Idanunsu zagaye ne, a gefen kai, babu fatar ƙiftawa.

Ba Baba suke kallo ba. Shi suke kallo.

Ruwan ya haura ƙirjinsu, ya haura wuya, ya rufe su.

Jiniya ya ɗora Baba a kan babur. Ya ɗaure shi a bayansa da igiyar kaya, yana jin sanyin jikinsa ta cikin riga har gida. Matar ta tare su a ƙofa. Ta dubi mijinta ba takalmi, hannu na jini, ta dubi mahaifinta. Ta je ta ɗora ruwan zafi.

Baba ya yi sati yana zazzaɓi. Da ya tashi, ƙibar ta zube, ya koma ƙasa da yadda yake da. Kifin kasuwa in an kawo masa sai ya sansana ya ture. Bai sake yi wa surukinsa maganar ranar ba, bai gode ba, bai kuma yafe ba. In sun haɗu a tsakar gida sukan gaisa, kowa na kallon ƙasa.

Shatin yatsu ya daɗe a ƙafar Jiniya. Ya warke, amma wurin ba ya yin gumi, ko da zafi ya kai ina. Bai bar aikin ba, yara na makaranta. Sai dai in ya kai duwatsun nan daga sama yake tsayawa ya yi kira, ba ya sauka.

Matarsa ta sa wa ɗakin ƙofar gida sakata ta waje. Duk ranar sakin ruwa takan kai wa mahaifinta abinci da wuri, ta fito ta zura sakatar a hankali don kada ya ji. Sannan ta zauna a bakin ƙofar tana share hawaye da gefen mayafi, har mijinta ya dawo.

Damina ta sake zagayowa. Wata rana da yamma Injiniya ya kira Jiniya gefe, ya ce jibi za a buɗe, amma kada ya faɗa wa kowa tukuna sai shugabanni sun tabbatar.

Jiniya ya dawo gida ya tarar da Baba a tsugune gaban duron ruwan famfo. Tsohon ya buɗe murfin, ya karkata kunne, yana gyaɗa kai.

Jiniya ya rusuna. "Baba, barka da yamma."

"Barka, ɗana." Bai ɗago ba. "Yaushe za ku sake buɗewa?"

Jiniya ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ba.

"Ba a sa rana ba, Baba. Da sauran lokaci."

Baba ya mayar da murfin a hankali, ya goge hannu a jikin riga. Ya ɗago ya dube shi ido cikin ido, yana murmushi.

"Su kuwa sun ce jibi."