Haƙoran da Aka Goge Don Baƙi

Kantoman Birnin Tafki ya danna maɓalli, na'urar da ake kira Matankaɗi ta soma aiki. Hannunta na ƙarfe ya ɗauki haƙorin farko, wani shuɗin haske ya kewaye shi, siffarsa ta fito a allon bango, ƙatuwa kamar turmin daka. Manyan baƙi suka tafa.

Dakta Kuluwa Maina ba ta tafa ba. Ta ƙura wa allon ido. Haƙorin sumul yake, sai ƙyalli.

Aikin Matankaɗi ba ɓoyayye ba ne. Biran da suka rayu a nan shekaru miliyoyi kafin tafkin ya ƙafe a gina birni a kansa ba su bar komai ba sai haƙoran da suka zama dutse. A saman kowane haƙorin tauna akwai 'yan tuddai da kwaruruka, kuma kowane jinsi da irin nasa: mai cin ganye nasa masu kaifi, mai fasa ƙwallo nasa dakusassu. Na'urar tana auna waɗannan, ta raba jinsi da jinsi. Kuluwa ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tono haƙoran nan a ƙarƙashin ginshiƙan gadar jirgin da ke ratsa gari ta sama. Idonta ya gaya mata jinsi bakwai ne, amma duniya ba ta karɓar shaidar ido, sai ta na'ura.

Tun da aka kawo Matankaɗi take roƙon Darakta Ɗanlami Goje ya bari ta auna ko da haƙori ɗaya. Ya ce a'a, ba a taɓa sabon abu kafin babban baƙo ya buɗe shi. Haka aka lulluɓe na'ura da ƙyalle kamar gawa, ana jiran Kantoma ya sami sarari.

To, mutanen Birnin Tafki sun iya tarbar baƙo. Motocinsu na tashi sama, amma har gobe in babba zai zo sai an shafa wa duwatsu da gindin itatuwa farin fenti. A makon bikin Darakta ya leƙa ɗakin ajiya, ya ga haƙora baƙi ƙirin, duk kaushi. Ya ce wannan abin kunya ne. Ya aiki Kuluwa raba katin gayyata, ya sa mutum-mutumin da ke goge tayil ya gyara su. Shi kuwa mutum-mutumi ba ya ha'inci.

Hannun ƙarfe ya ci gaba da ɗauka yana ajiyewa har haƙoran da ke kan tire suka ƙare. Sai muryar Matankaɗi ta sanar cewa duk haƙoran na jinsi ɗaya ne, mai sulɓin haƙori, wanda kimiyya ba ta taɓa gani ba. Zaure ya kaure da tafi. Darakta ya karɓi makirufo, bakinsa har kunne, ya ce za a raɗa wa sabon birin sunan mai girma Kantoma. Kantoma ya yi murmushi, bai ga abin zagi a ciki ba.

Kuluwa ta ratsa mutane ta tsaya gaban Darakta.

"Ranka ya daɗe, me ka sa aka yi wa haƙoran nan?"

"Wanke su aka yi, Dakta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da so kike baƙi su ga datti?"

"Dattin nan shi ne aikin. Shi kaɗai ya bambanta su."

Ya ce ta rage murya, ana ɗaukar hoto. Ya ƙara da cewa na'ura ta riga ta aika sakamako duk cibiyoyin duniya, kuma har da sunanta a jiki, sai ta gode wa Allah.

Ta juya ta bar shi a nan. Ta sauka ɗakin ajiya, ta tarar da mutum-mutumin a lungu yana caji. Ta buɗe jakar sharar da ke cikinsa, ta juye a tafin hannunta. Gari ne mai laushi, bai cika hannu ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Ƙasa ta riƙe jinsi bakwai amana shekaru miliyoyi, ba ta ci ko tudu ɗaya ba. A sama an soma raba shinkafa.