Saura Ko

"Rantse, Labaran!"

Atika ta riƙe takardar da ya kawo mata. Ba ta san baƙi ɗaya na boko ba.

Labaran masinja ya dafa ƙirji. "Wallahi a teburin Kailani na gan ta. Wannan kalmar ta Turanci, *engaged*, baiko take nufi. Ga sunansa, ga na Baturiyar asibiti. Har *bai* an rubuta a tsakani, saura *ko*!"

Kwana tara ya rage a ɗaura mata aure da Kailani akawu. Labaran kuwa sau biyu yana nemanta tana ƙi, duk Tudun Wada an sani. Amma kishi ba ya barin mutum ya yi tunani.

"Ban faɗa miki ba?" Inna ta ce. "Wanda ya ci abincin Nasara, na Nasara ne. Rakiya, ɗauki kayan lefensa ki mayar!"

Ƙanwar Inna ta ɗora kaya a ka ta fice.

Atika ta yi kuka har ta gaji, sannan zargi ya juya. Yaushe Labaran ya fara tausayinta?

Ta zari mayafi, sai gidan Malama Keziya mai koyarwa a mishan.

Keziya ta karanta, ta tuntsire da dariya.

"Kalmar baki biyu gare ta, 'yata. In *to* ya biyo ta, baiko ne. In *by* ne, wato *bai* ɗin da ke nan, ɗaukar aiki ne. Baturiyar ta ɗauke shi ya koya mata Hausa, don ta ji abin da ke damun marasa lafiya."

"Aiki...?"

"Aiki kawai!"

Atika ba ta ko yi sallama ba.

A ƙofar gidan su Kailani ta cimma Rakiya, kaya na ƙasa, shi yana tsaye a kansu. Da ta kwashe labari ta faɗa masa, bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Kin tambayi masinja, kin tambayi malama," ya ce. "Ni fa, Atika?"

"Tsoro na ji, masoyina..."

"Tsoron me?"

"Kada ka ce gaskiya ne."

Idonsa ya ciko. Sannan ya sunkuya ya ɗora wa Rakiya kayan da hannunsa.

"Gwaggo, ki gai da Inna. Ki ce mata saura kwana tara."