Magarya Ɗaya a Kan Tebur

Da ƙafa Miran ta turo ƙofar ɗakinmu, takalmanta a hannu, rigar sanyina da ta ara ta jiƙe sharkaf.

Ina zaune a ƙasa ina cin taliya a murfin tukunya, littafin jarrabawa buɗe a gabana.

"A'a, amarya!" na ce. "Ya surukai? Sun yaba ko sun ce kin cika rama?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Sai ta jingina da bango ta sulale har ƙasa.

"Malsun... sun sani."

Na ajiye murfin.

"Wa ya gaya musu?"

"Kakansa ya ce... ya ce ni gwaggon Giho ce."

Sai kuka. Irin kukan da ba ya fita da sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Na rungume ta, ni ma hawaye ya ƙwace mini, don tun ranar farko nake tsoron zuwan wannan rana.

Ni da Miran ɗaki ɗaya muke a gidan kwanan ɗalibai da ke bayan jami'armu a Daegu, inda mai gidan ke ciyar da mu shinkafa da miyar wake wadda ba ta taɓa haɗa hanya da nama ba. A ɗakin da ke kusa da namu akwai Okju, 'yar garinsu Miran, mai fara'a kamar gonar auduga da ciki kamar rijiya. Ita ta haɗa mana wani zaman shayi na sanin juna da samarin sashen tarihi tun muna aji ɗaya.

Kun dai san yadda ake yi. 'Yan mata su juya baya, kowane saurayi ya ciro abu ɗaya daga aljihunsa ya ɗora a tebur, wadda ta ɗauki abinka ita ce taka a ranar. Da muka juyo muka ga biro, da ashana, da tikitin bas, da ƙwayar busasshiyar magarya.

Okju ta kai hannu kan magaryar, Miran ta riga ta. Daga baya muka gane don mai magaryar Okju ta shirya zaman gaba ɗaya.

Ni kuwa biro na ɗauka, na ƙare da wani sarkin surutu da ya cika mini kunne da labarin zamansa a soja.

Mai magaryar dogo ne, mai kunya, kunnuwansa har ja suke yi.

"Ba ni da komai a aljihu sai ita," ya ce. "Sunana Hong Giho."

"Hong Miran," ta ce.

Aka kalli juna. A lokacin doka ba ta ɗaura aure tsakanin masu sunan dangi ɗaya da garin asali ɗaya, ko da kakan da ya haɗa su ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa. Shi ya sa kafin saurayi ya tambaye ki abin da kike karanta, sai ya tambayi asalinki.

"Ni Hong na Pungsan ne," ya ce a hankali. "Ke fa?"

Miran ta kalli magaryar a tafin hannunta. Ta kalle shi.

"Namyang," ta ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, kowa ya sa dariya. Okju ma ta yi dariya, har ta fi kowa.

Muna hanyar gida Miran ta riƙo hannuna.

"Malsun, ƙarya na yi. Mu ma na Pungsan ne."

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Shayi ne fa kawai. Sau ɗaya zan ƙara ganinsa, shi ke nan."

Sau ɗayan nan shi ya kai mu har ajin ƙarshe.

Ni dai ban taɓa ganin soyayya mai ban haushi irin tasu ba. Da sassafe Giho zai je layin laburare ya kama mata kujera kusa da taga, ni ko oho, in zauna a bakin ƙofa iska na kaɗa ni. A kantin makaranta kwano ɗaya suke saye, ya tsame mata ƙwai ya ce shi ba ya so, alhali idonsa na kai. Ranar da 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a bakin get, shi ya shafa mata man goge baki a ƙarƙashin ido don rage raɗaɗi, ya naɗe mata fuska da mayafin wuyansa, ya goyo ta har gida yana tari kamar zai mutu.

"Magaryata," yake ce mata.

"Yayana," take amsawa.

Ni kuma in ce, "Don Allah ku matsa, kuna hana ni karatu."

Magaryar nan kuwa tana nan a cikin wani ɗan ƙyalle a ƙarƙashin matashinta. Duk lokacin da na ce ta gaya masa gaskiya sai ta ce bayan jarrabawa. Jarrabawa ta zo ta wuce, ta ce bayan hutu.

Har ya ce lokaci ya yi da zai kai ta ƙauyensu ta gaishe da manya.

Da kukan ya lafa na cire mata jiƙaƙƙiyar rigar, na ba ta ruwan ɗumi, ta ba ni labari.

"Mamarsa ta tarbe ni da fara'a, Malsun, fara'ar da ta yi yawa. Aka shigar da ni wurin kakan. Bai tambayi asalina ba ma. Sunan babana ya tambaya, da sunan kakana. Ya lumshe ido yana lissafi da yatsu... sai ya ce, ‘Mahaifinki ƙanena ne a jerin zuriya. Sannu da zuwa gida, 'yata. Giho, tashi ka gaishe da gwaggonka.’"

"Shi kuma fa?"

"Ya fice cikin ruwan sama. Har muka sauka daga jirgin ƙasa bai ce mini uffan ba."

"Amma wa ya..."

"Na ga tulun zuma a ɗakin kakan. Irin na shagon baban Okju."

Ban tsaya sa takalmi ba. Na banka ƙofar Okju, na same ta tana taje kai hankali kwance.

"Munafuka! Annamimiya! Shekara nawa kina ci kwano ɗaya da ita?"

"Sauke murya, Malsun," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Ni na yi ƙaryar ko ita? Taimakonsu na yi. Gara yanzu da sai an yi abin kunya."

Na damƙi gashin da take taƙama da shi. Sai da mai gidan ta zo da ludayi ta raba mu, kuma har yau ban yi nadama ba.

Washegari Giho ya zo bakin get, don maza ba sa shiga. Na raka Miran, na tsaya gefe kamar ba na ji.

"Yayana, ka yafe mini..."

"Na sani," ya ce. "Tun muna shekarar farko na sani."

Ta ɗago a firgice.

"Kin taɓa ba ni labarin tudun da babanki ke kai ki gaida kaburburan kakanni, mai karkatacciyar bishiya a samansa. Miran, duk shekara ni nake nome ciyawar wurin."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa ya zama gaskiya."

Wayyo, ni da ke gefe ma sai da zuciyata ta karye.

"Mu tafi Busan," ya ce. "In sami aiki a tashar jiragen ruwa. Ba wanda ya san mu."

"Ba za su rubuta aurenmu ba."

"Kada su rubuta!"

"Yaranmu fa? Me za a kira su a makaranta?"

Can ya ce, "Magaryata, ban san amsar ba. Na dai san ba zan iya ce miki gwaggo ba. Ranar Asabar da hantsi ina tasha."

Kuma ta haɗa jaka, na rantse. Ni na ninke mata kayan da hannuna.

Ana jibi tafiyar muka fito daga lacca muka tarar da mahaifiyar Giho a bakin sashenmu, da kayan gargajiya, ɗalibai na ta wucewa. Tana ganin Miran ta zube gwiwa biyu a kan siminti.

"Mama, don Allah tashi! Mutane na kallo!"

"Ba zan tashi ba. Tsohon nan ya daina cin abinci. Giho ne kaɗai jikansa namiji. In ya bi ki, dattawa za su cire sunansa daga dangi. Wa zai ajiye wa kakanni abinci ranar tunawa da su? Kakanninki ne fa ke ma." Ta kama ƙafar Miran. "Da bare ce ke da na zage ki na huce. Amma ke tamu ce. Ƙanwar mijina, ki ceci gidanku."

Da zagin ta yi da ya fi sauƙi. Miran ta sunkuya ta ɗaga matar, ta kakkaɓe mata gwiwa.

Ranar Asabar ta zauna a kan jakarta, ta juya wa ƙofa baya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan ɗauki jakar in kai mata. Ba ta motsa ba har rana ta karkata.

An ce sai da ma'aikatan tasha suka fara shara sannan Giho ya tafi.

Muka gama makaranta, muka ɗauki hoto da hulunan kammala karatu, idonta a kumbure. Ta sami koyarwa a wata firamare. Shekara na zagayowa mahaifiyar Giho ta sake zuwa da kanta: an sa ranar aurensa da Okju, kuma kakan ya ce lallai gwaggo ta zauna cikin manya, don bakin mutane ya mutu.

"In kika je na daina kula ki," na ce.

"Zan je, Malsun. In ban gani da idona ba, zan ci gaba da jira."

Haka na bi ta ina ƙunƙuni.

Bayan an gama taro aka shiga ƙaramin ɗakin gaisuwa. Dangin ango na zama bi da bi, ango da amarya su durƙusa goshi a ƙasa, manya su watsa magarya a farin ƙyallen da suka riƙe, yawan abin da ya faɗa ciki yawan 'ya'yan da ake musu fata. Ina leƙe daga bakin ƙofa.

"Saura gwaggonsa," in ji kakan.

Miran ta zauna a kan matashi, bayanta a miƙe. Giho ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Suka durƙusa. Okju ta ɗago, shi bai ɗago ba. Goshinsa na ƙasa har mutane suka fara gyaran murya.

Aka miƙa wa Miran farantin magarya. Ba ta taɓa shi ba. Ta sa hannu a aljihu ta ciro ɗan ƙyallen nan, ta warware. Ƙwayar ta yi baƙi, ta motse kamar tsakuwa.

Ta jefa. Ta faɗa tsakiyar farin ƙyallen.

Giho ya gane ta. Na ga hannunsa ya tafi zai ɗauka, Okju ta yi wuf ta naɗe ƙyallen.

"Mun gode, Gwaggo," ta ce da murmushi.

Mahaifiyarsa ta taɓa masa kafaɗa.

"Na gode..." ya ce. "Gwaggo."

"Allah ya ba ku masu albarka," in ji Miran. Muryarta ko girgiza ba ta yi ba. Sai da muka shiga bas ta kifa kai a cinyata.

Bayan 'yan shekaru ina wanke-wanke na ji a rediyo kotu ta ce dokar nan ba ta da tushe, masu asali ɗaya na iya aure. Da kumfa a hannuna na ruga na buga mata waya.

"Miran! Kin ji? Kin ji abin da suka ce?"

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Ina jiyo hayaniyar 'yan ajinta a baya.

"Na je gaida kaburbura bana," ta ce. "Su Giho sun zo da ɗansu. Kunnuwan babansa ne da shi sak, Malsun, har jan. Ya fara magana."

"Miran..."

"Kaka yake ce mini."