Ummusalma da Dafaffen Dankali

"Sa, ni fa na kawo labarin!" in ji Ummusalma, har da miƙewa tsaye. Amma ina! Ba wanda ya ji ta. Aji biyar ya riga ya kece da dariya.

Kun san halin Malam Gyang, malamin kimiyya. Duk Litinin sai wani ya kawo wa aji labarin kimiyya mai ban mamaki. Ummusalma ta sha wuya kafin ta samo nata. Sai da ta wanke wa yayanta takalmi, sannan ya ara mata waya. Labarin kuwa shi ne, wai masana sun gano tumatir yana yin wata 'yar ƙara in ƙishi ya dame shi, kunnen mutum ne dai ba ya ji.

Da ta gama karantawa ta koma ta zauna. Sai Pam ya ɗaga hannu daga bencin baya.

"Sa, in tumatir yana kuka saboda ƙishi, to me yake cewa in Mama ta kai shi injin markaɗe?"

Shi ke nan fa! Har Malam Gyang sai da ya riƙe ciki.

Kuma ba yau farau ba. Wancan makon ita ta kawo labarin cewa akuya ta fi son fuskar mai murmushi. Pam ya ce, "Ashe shi ya sa mahaucin layinmu kullum yake washe baki!" Aka tafa masa. Ita da labari, shi da tafi. Abin ya tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi.

Ana nan sai Malam Gyang ya ce za a yi gasar kimiyya a Bukuru. Mutum ɗaya za a tura daga ajin, kuma ranar Juma'a zai zaɓa.

Ummusalma ta huda gorar ruwa, ta yi abin da ke ɗiga wa shuka ruwa kaɗan-kaɗan. Ya yi kyau wallahi. Shi kuwa Pam, ranar Alhamis sai ga shi da dankalin turawa guda shida. Kowanne ya soka masa ƙusa da guntun jan ƙarfe, ya haɗa su da waya. Da ya jona wani ɗan mitsitsin ƙwan fitila, sai ga haske. Ɗan haske ne fa, sai ka kare da tafin hannu kafin ka gani. Amma yara suka yi ta ihu.

"Yanzu in an ɗauke wuta, gona za mu kai ƙara," in ji Pam.

Ba wanda ya ko kalli gorar Ummusalma.

Tun daga makaranta har gidansu a Kwararafa tana ta saƙe-saƙe. Dafaffen ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. Dafaffiyar masara ba ta tsiro. To dafaffen dankali ne zai ba da wuta? Ai ya riga ya mutu!

Da safe Umma ta dafa dankali da ɓawonsa don karyawa. Ummusalma ta zaɓi shida ta zuba a jaka.

"Shida? Ke kaɗai?" in ji Umma. "Ko kin fara noma ne ban sani ba?"

"Sanyi ne ke sa ni yunwa, Umma."

Ta riga kowa zuwa aji, inda Pam ya bar kayan fitilarsa tun jiya. Ta zare ɗanyen dankalin Pam, ta soka ƙusoshin a dafaffen, ta mai da komai yadda yake. Ɗanyen kuwa ta cusa a ƙasan jakarta.

Da lokaci ya yi, Pam ya jona wayar.

Fau! Haske ya kama. Ba irin na jiya ba, wannan har na bencin baya suna gani.

Ummusalma ta saki baki. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Gyang ya matso. Ya latsa dankali ɗaya, yatsansa ya nutse. Ya sansana.

"Pam, kai ka dafa wannan?"

"A'a, Sa. Ni ko ruwan shayi ban iya dafawa ba."

"To wani ya yi maka babban aiki. Masana sun gwada, sun ga in an ɗan dafa dankali, wuta ta fi samun hanyar wucewa ta cikinsa. Wanda ya yi tunanin nan yana da ƙwaƙwalwa. Wane ne?"

Ummusalma ta ɗaga hannu a hankali.

"Ku tafa mata!" in ji Malam Gyang.

Aji ya ɗauki tafi raf-raf-raf. Tafin nan fa shi ta daɗe tana nema. Ga shi ya zo, amma sai ta ji shi kamar mari. Ta kalli Pam, shi ya fi kowa tafawa ma. Hawaye ya cika mata ido.

"Sa, ku daina. Ban san zai ƙara haske ba. So na yi ya mutu, don a tura ni Bukuru. Haushi nake ji, kullum shi ake yabo."

Ta buɗe jaka, ta fito da ɗanyen dankalin ɗaya bayan ɗaya.

Malam Gyang ya dubi dankalin, ya dube ta. Sannan ya ce, "Kin yi laifi, kuma za ki share aji har sati guda. Amma kin faɗi gaskiya alhali ana cikin tafa miki. Wannan ba kowa ke iyawa ba."

Ta juya. "Pam, don Allah ka yi haƙuri."

Pam ya sosa ƙeya. "Ya wuce. Amma Sa, in ba ta kawo labari ba, ni a kan me zan yi surutu? Kuma wa zai dafa mini dankali a Bukuru? Abeg, don Allah a bar mu mu je tare."

Malam Gyang ya je ya roƙi hedimasta, aka yarda su je su biyu.

A Bukuru, Ummusalma ce ta yi bayanin dafawa tiryan-tiryan, Pam yana jona waya yana sa alƙalai dariya. Suka zo na biyu. A mota kan hanyar dawowa Pam ya so cinye dankalin fitilar, Malam Gyang ya ƙwace, ya ce dankalin da ya sha ƙusa ba na ci ba ne.

Da Umma ta ji labarin duka, sai ta ja kunnen 'yarta kaɗan. "Kin gani ko? Hassada ga mai rabo taki ce. Hasken wani ba ya kashe naki. In kin ga ɗan'uwa ya yi abin kirki, taya shi murna, ki gyara naki."

Ummusalma ta riƙe maganar nan da kyau. Sharar ma ta yi ta har ranar ƙarshe.

To kai fa, da kai ne a tsaye ana tafa maka a kan abin da ka san da mugunta ka yi shi, za ka iya cewa a daina?